Kan Wa Ake Koyon Aski?

Kowace sana'a tana da abin da ake ɓatawa kafin a iya ta. Yaron maƙeri yakan ƙona ƙarfe, mai koyon ɗinki ya yanka yadi a karkace, mai koyon ginin tukwane kuwa sai ta rushe yumɓu sau da yawa kafin tukunyarta ta zauna da gindinta. Babu mai riƙe wannan a zuci, domin asarar kaɗan ce, kuma yumɓu ba ya jin zafi. Aikin likita shi ne ya fita daban. Komai yawan littattafan da ɗalibi ya haddace, komai daɗewar da ya yi yana nazarin gawa a ɗakin koyarwa, tilas wata rana ya riƙe allura ya soka ta a jijiyar mutum mai rai, alhali bai taɓa yi ba. Larabawa suna da karin magana a kan mai koyon aski a kawunan marayu, wato wanda ya zaɓi kan da babu mai tsaya masa idan aska ta zame. Tambayar da muke son mu yi wa kanmu a wannan maƙala ita ce: mu, a kan wa muke koyar da 'ya'yanmu aski, kuma me mai kan yake bin mu?

A Gombe wannan tambaya ba ta cikin littafi ba ce. An ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoba, 1996, a shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke kan hanyar Ashaka, wadda aka ɗaukaka ta koma Asibitin Koyarwa na Tarayya a 2014. Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, tana da kwalejin koyon aikin likita, kuma a wannan asibiti ɗalibanta suke samun horon gefen gado. Abin alfahari ne, babu shakka, a ce yaro ya tashi a Kumo ko Dukku ya zama likita ba tare da ya je Zariya ko Maiduguri ba. Amma mu dubi waɗanda suke yin sammako su yanki kati su bi layin ganin likita. Galibinsu mutanen Bolari ne da Pantami da Jekadafari da Tudun Wada, da manoman Akko da Kwami da Funakaye waɗanda suka sayar da buhun masara ko akuya suka shigo mota. Mazaunin G.R.A. kuwa, in kansa ya sara, yana da asibitin kuɗi, ko lambar wayar babban likita da suke salla a masallaci ɗaya. In abin ya yi tsanani sai Abuja, ko Masar, ko Indiya. Idan ɗalibin nan ya ƙware, kowa zai ci moriyarsa, mai G.R.A. ma shi ne kan gaba. Lokacin da hannunsa yake rawa kuwa, jikin mutum ɗaya ne ya ɗauki rawar.

Ita kanta G.R.A. ɗin, in mun bi salsalarta, ɗiyar binciken likitanci ce. Bayan Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke ɗaukar zazzaɓi daga wani zuwa wani, sai wasu likitocin Ingila da aka turo Afirka ta Yamma wajen 1900 suka lura cewa ƙwayar cutar ta fi yawa a jinin ƙananan yaran 'yan ƙasa. Shawarar da suka bayar ita ce a nisanta gidajen Turawa daga unguwannin baƙar fata. A zamanin Lugga aka mayar da wannan doka, har aka ƙayyade fili mai faɗin yadi 440 da ba a yarda a yi gini a cikinsa ba tsakanin unguwar Turawa da ta jama'a. Daga nan irin waɗannan unguwanni na biranen Arewa suka samo asali. Abin lura shi ne, binciken gaskiya ne, an kuma yi shi a jinin yaran talakawa, amma amfanin farko da aka yi da shi bai shafi warkar da yaran ba. Tazara aka auna da shi. Turawa sun tafi, mun gaji gidajen da inuwar darbejiyarsu, ya kamata mu bincika ko mun haɗa da gadon tazarar.

Kada mai karatu ya zaci muna cewa a daina koyarwa ne. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato abin da in al'umma ta rasa mai yin sa gaba ɗayanta ta yi laifi. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito wanda ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilimin hakan ba. In aka haɗa waɗannan biyun, sai a ga cewa wajibi ne a samu likita, haramun ne kuma ya taɓa mutum da jahilci, babu kuwa gadar da ta haɗa jahilci da sani sai jikin majinyaci. Matsalar ke nan, kuma ba ta da ƙofar baya.

Sa'an nan kuma babu wurin da ya fi dacewa da wannan horo kamar ɗakin likitan gama-gari, wanda ake kira likitan iyali, shi da yake ganin duk wanda ya shigo, yaro da tsohuwa, kafin a san abin da ke damunsu. A 1961 wani likita a Amurka mai suna Kerr White da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa cikin manya 1,000 a wata guda, kimanin 750 sukan ji wani rashin lafiya, 250 su ga likita, 9 a kwantar da su, amma mutum 1 rak ne yake kaiwa asibitin jami'a. Alƙaluman na wata ƙasa ne da wani zamani, sai dai darasinsu ya shafe mu. Ɗalibin da bai san kowa ba sai wannan mutum ɗayan, zai fita da sanin cututtukan da ba a cika gani ba, ya kuma yi tuntuɓe da waɗanda suka cika gari: zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon suga, gudawar yara, ƙarancin jini ga mai ciki.

Akwai wani abu kuma da ba a koyon sa sai a wannan ɗaki, shi ne wanda ya fi jan hankalinmu mu masu nazarin harshe. Majinyaci ba ya zuwa da sunan cuta, da labari yake zuwa. Tsohuwa za ta zauna ta ce sanyi ne ya kama ta, alhali “sanyi” a bakin Bahaushe yana iya zama ciwon gaɓoɓi, yana iya zama ciwon mara, yana iya zama abin da kunya ta hana a ambata. Magidanci zai ce basir ke damunsa, kalmar da ta ɗauki tun daga kumburin ciki har raunin da ba zai faɗa a gaban matarsa ba. Wata ta ce zuciyarta ce ke tashi, wata ta ce zuciyarta ce ta ɓaci, tsakanin biyun kuwa akwai tafiyar yini. Wani ma ba Hausa ce harshensa na farko ba; Bafulatani ne ko Batangale ko Batere, ya fassara ciwonsa zuwa Hausa, ɗalibi ya sake fassara shi zuwa Turanci a takarda, kowace fassara kuwa tana zubar da wani abu a hanya. Wanda ya iya sauraron irin wannan labari, ya san inda mai magana ya kauce da inda ya yi shiru, ya yi rabin aikin kafin ya ɗora abin sauraron ƙirji. A nan majinyaci malami ne a haƙiƙa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malami ne da ba a rubuta sunansa a jerin ma'aikata ba, ba a biyan sa, shi ne ma ya biya kuɗin kati.

To, an tambaye shi kuwa? A nan ne maganar yarda ta shigo, kuma a nan ne al'adarmu take iya zama tarko. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici da girmama masani. Mutumin karkara in ya ga farar riga, kowa “likita” ne a wurinsa, ba ya bambanta farfesa da ɗan aji huɗu. In aka ce masa za a duba shi, amsarsa ba ta wuce, “To, likita, yadda duk ka gani.” Wannan “to” ladabi ce, kuma kowane Bahaushe ya san akwai “to” da ke nufin na yarda, akwai wadda ke nufin na ji, akwai wadda ke nufin ba ni da yadda zan yi. Matar da ba ta taɓa buɗe kanta a gaban ƙanen mijinta ba, in samari takwas suka kewaye gadonta ana bayani da Turanci a kan cikinta, ta kawar da fuska ta yi shiru, wane mai adalci ne zai rubuta cewa ta amince? Yarda ta gaskiya tana bukatar mutum ya san wane ne zai taɓa shi, ya san dalili, ya kuma tabbata cewa in ya ce a'a ba za a mayar da katinsa ƙarshen layi ba. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne mai wuya, domin ba a takarda yake ba, a zuciyar majinyaci yake, kuma halin ma'aikata na yau da kullum ne yake dasa shi ko ya tumɓuke shi.

Wani zai ce in aka tsaya neman izinin kowa, kowa zai ƙi, a wayi gari babu likitoci. Ba mu gamsu da wannan ba. Mutanen da suke ciyar da almajirin da ba su san iyayensa ba saboda darajar karatu, ba su ne za su hana ɗalibi hannunsu ba in aka ce, “Baba, wannan ɗanka ne, karatun likita yake yi, ka yarda ya auna ka ina tsaye a kansa?” Wasu za su ƙi, haƙƙinsu ne. Wanda ya yarda kuwa ya tashi daga matsayin kayan aiki ya koma mai kyauta, yana iya ƙulla niyyar sadaka a kan abin da a da ake karɓa ba da saninsa ba.

Idan koyarwa tana da wannan nauyi, na bincike ya ninka, domin a nan ba ɗalibi kaɗai ba, shi kansa babban likitan bai san amsar ba. Da ya sani da ba a kira shi bincike ba. Tarihin wannan fage cike yake da kawunan marayu. Edward Jenner, wanda duniya ke yabo saboda rigakafin agana, likitan ƙauye ne a Ingila. A 1796 ya ɗebi ruwan ƙurjin da masu tatsar shanu kan ɗauka ya sa wa wani yaro ɗan shekara 8, James Phipps, daga baya ya sa masa ita kanta aganar don ya ga ko za ta kama shi. Ba ta kama shi ba, kuma a 1980 aka shelanta cewa an kawar da cutar daga doron ƙasa. Yaron nan ɗan mai yi wa Jenner aikin lambu ne. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 har 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ana kallon yadda yake cin su, har bayan an sami maganinsa. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 duk an rubuta su ne don a ce yardar mutum ita ce farkon komai.

Mu kuwa ba sai mun je nesa ba. A 1996, shekarar da aka haifi Jihar Gombe, annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a kashin farko, 6 a na biyu, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi iznin iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba su san gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Bayan shari'a mai tsawo aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, iyalai na farko kuwa sai a 2011 suka karɓi diyya, shekara 15 bayan abin. Ko da mun ajiye gardamar wane magani ya kashe wa, tambaya ɗaya ba ta gushe ba: uwar da ta rungumo ɗanta wuyansa ya sanƙare, a tsakiyar annoba, tana cikin halin da za ta iya cewa a'a?

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa amana dukiya ce ta gandu, in ɗaya ya ɓarnatar da ita kowa ya shiga yunwa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin an gurɓata maganin. Zargin bai tabbata ba, dalilan ƙin kuma suna da yawa, har da na siyasa, amma labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kafin Kano ta koma rigakafin a 2004 cutar ta sami hanya, ta bazu zuwa ƙasashe da dama har Yaman da Indunusiya, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita a nau'inta na asali. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru ba a gwada komai a kansu ba, amma sun biya bashin.

Tun da mun ambaci maciji, bari mu dubi ɗaya fuskar, wadda take nan cikin jiharmu. Kaltungo ta yi suna da jinyar saran maciji, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa har mutum ya yi ta zubar da shi. Masu zuwa can manoma ne da makiyaya, ana kawo su daga Gombe da Adamawa da Taraba da Bauci da Barno, an fi samun su kuma lokacin shuka da girbi. Tun a shekarun 1970 David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka bayyana wani gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga jiki. Ba ya bukatar lantarki, ana kuma amfani da shi a ƙasashe masu yawa. Daga baya aka gwada makarin dafi iri biyu a asibitin Kaltungo a kan mutum 400, ɗaya an haɗa shi a Birtaniya, ɗaya a Kosta Rika, duka da dafin macizan Nijeriya, aka buga sakamakon a 2010, likitocin Nijeriya suna cikin jagororin aikin. Bambancin wannan da na Kano a fili yake. Tambayar daga gonar mutanen ta fito, cutar tasu ce, maganin kuma dominsu aka yi shi.

Duk da haka ba a gama biyan su ba. An sha samun lokutan da makarin ya yanke a Kaltungo, ko ya yi tsadar da manomi ba zai iya ba, jaridu sun sha kawo labarin. Sanarwar Helsinki, tun gyaran da aka yi mata a 2000, ta yi maganar haƙƙin waɗanda aka yi bincike da su na samun abin da aka gano bayan an kammala. Nijeriya ma tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa tun 2007. Amma takarda ba ta sayen magani. In jikin ɗan Kaltungo ne ya tabbatar wa duniya cewa makarin yana aiki, sa'an nan ƙanensa ya mutu a kan tabarma don babu shi a kantin asibiti, to an ci amanar da aka ƙulla da gidansu, ko da kowane mai bincike ya cika sharaɗinsa. Wannan bashi yana wuyan gwamnati, yana kuma wuyan masu faɗa a ji, waɗanda galibi a G.R.A. suke kwana. A littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, an ratsa duniya neman ruwan waraka ne saboda ɗan sarki ba shi da lafiya. Da wuya mu ji labarin da aka yi irin wannan tafiya don ɗan mai noman dawa.

Ba kowane bincike ne yake bukatar kamfani ko kuɗin waje ba, wannan kuwa ya kamata ɗalibanmu su ji shi tun da wuri. William Pickles likitan ƙauye ne a Yokshaya ta Ingila. Shi da matarsa suka riƙa rubuta wanda ya kamu da wace cuta, a wace rana, a wane ƙauye, shekara da shekaru. Daga wannan rubutu ya gano tsawon kwanakin da ciwon shawara mai yaɗuwa yake ɗauka kafin ya bayyana, ya buga littafinsa a 1939. Likitan da ke zaune a babban asibitin Bajoga ko Billiri yana ganin abin da babu farfesan da ke gani: watan da gudawa take tashi, unguwar da take farawa, dalilin da ya sa mai hawan jini yake daina shan magani da zarar ya ji sauƙi. Irin wannan bincike haɗarinsa kaɗan ne, amma shi ma yana da amanarsa, domin sirrin mutane ne ake tarawa, a garin da kowa ya san kowa. Akwai kuma jarrabawar da ke tattare da tsarin jami'a, wadda mu malamai muka sani sarai: ƙarin girma yana rataye da yawan maƙalun da aka buga, sai ya zama da sauƙi a mayar da layin marasa lafiya gonar alƙaluma, a raba musu takardar tambayoyi da Turanci, su dangwala yatsa, a buga a mujallar da babu ɗayansu da zai gani.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. A ganinmu wannan karin magana ya isa ma'auni ga mai koyarwa da mai bincike baki ɗaya: abin da kake shirin yi wa wannan tsohuwa, za ka yarda a yi wa mahaifiyarka, da irin wannan bayani, a gaban irin wannan taro? Ma'aunin bai tsaya kan likitoci ba. Babban ma'aikaci ko malamin jami'a da ya shiga asibitin koyarwa ya ce shi kada ɗalibi ya taɓa shi, yana da haƙƙin faɗin haka kamar kowa. Sai dai ya sani cewa babban likitan da yake nema, mai hannu marar rawa, a jikin wasu ya daina rawar, kuma shi ne ya fi kowa cancantar miƙa hannunsa, domin yana jin Turancin da ake yi a kansa, yana iya tambaya, in an yi kuskure kuma yana da bakin da za a saurara. Ɗalibin da ya auna jinin kwamishina da safe ya auna na mai turin kura da rana zai lura da kansa ko gaisuwarsa ta canza tsakanin biyun, ko ya faɗi sunansa ga ɗaya ya manta ga ɗayan, ko ya ja labule a nan ya bar shi a buɗe a can. Malaminsa ma zai lura, in yana tsaye.